Kiyashi a Takalmin Dikko

Shafi na 14

Daga Hasana Bature Gummi

Masu cika mini waya da saƙo tun da safe, "Anti Hasana ina na yau, Anti Hasana kin manta da mu," to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Wuta aka ɗauke mana kwana biyu, ba yanga nake muku ba. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa Maimunatu ta cika tsanani, wai lemo ne fa ba giya ba, ki karanta na yau sannan ki dawo mu yi magana. Daga bakin Goggona na ɗauko labarin nan, kuma duk sanda ta iso wannan wuri sai ta ajiye carbinta tukuna.

Sababbin shigowa, a Bukkuyum muke, shekarar 1984, shekarar da damina ta yi gardama shanu suka rame. Dikko malamin dabbobi ne, Bafulatanin da ya yi boko, wanda a da yake shanye kwalba shida ta lemo a wuni yana cewa ruwan tulu na marasa albashi ne. Ƙaya ce ta soke shi a ƙafar dama, ƙaya kawai, miki ya ƙi rufewa. A asibiti a Gummi aka ce ciwon suga ne. Likita ya ja layi da biro a bayan ƙafar, ya ba shi sati uku: ya bar lemo, ya sha magani. In baƙin da ya kama yatsun ya tsaya, a wanke mikin. In ya haye layin, a yanke ƙafar. Ranar Alhamis wa'adin ke cika, yau kuma Talata.

*

Tun jiya Maimunatu, matar Dikko, ba ta da sukuni. A gabanta malamin asibitin garin ya ɗiga fitsarin mijinta cikin ruwan nan mai shuɗi, ya kara a wuta, ruwan ya juye ja kamar jar ƙasa. Ya cire tabarau ya dube ta. Ita fa, ba mai ciwon ba.

"Mi kike ba shi?"

Ta lissafa masa. Zoɓo ba suga, ruwan tsamiya, nono tsagwaronsa, ruwan tulu. Akwatin lemon da ke gidan ma tun ranar farko ta sa aka mayar kantin Maiturare na bakin tasha.

"To wani abu na shiga cikin mutumen ga," in ji malamin. "Hitsari ba shi ƙarya."

Da maganar nan ta kwana, da ita ta tashi. Da hantsi ta ɗauki tsintsiya ta shiga ɗakin zaure, inda Dikko ya nace a mayar da gadonsa tun da suka dawo daga Gummi, wai ya fi iska. Yana kwance ya juya fuska ga bango, ƙafar na bisa matashi a naɗe da bandeji. Warin ya riga ya kama ɗakin, turaren wuta ma ya gaji.

Tana cikin shara ta ga kiyashi.

Layi ne guda, ɗoɗar, ya taso daga bakin ƙofa, ya bi gindin bango, ya shige ƙarƙashin gado. Gabanta ya faɗi. Ta san kiyashi, ta san abin da suke bi, su ne ma suka fara tona ciwon nan a makewayi tun kafin wani likita ya buɗe baki. Ta durƙusa ta leƙa. Dogon takalmin robar da yake shiga garke da shi ne a can ƙurya, kuma cikin na dama suke shiga.

Ta jawo shi. Wani abu ya yi ƙara a ciki.

Ta kifar.

Murafan kwalba suka zubo a ƙasa, suna birgima, kiyashi na watsewa. Ta tattara su a tafi. Goma sha takwas. Ta sake ƙirgawa, ko Allah zai sa ta yi kuskure. Goma sha takwas ɗin dai, kwana ɗaya murfi ɗaya, tun washegarin ranar da ya dafa kanta ya rantse ya bari.

"Malam."

Shiru.

"Malam, na san idonka biyu."

Ya juyo a hankali. Da ya ga abin da ke tafinta sai ya mayar da ido rufi.

"Mi na na wanga?"

"Maida su inda kinka ɗauko."

"Na ce mi na?"

"Maimuna, rage murya."

Ni dai wannan hali na maza yana ba ni mamaki. A kama mutum dumu-dumu, maimakon ya ji kunya sai ya koma gyara miki murya.

"In rage murya? Jibi za a yanke maka ƙahwa, kana ce mani in rage murya? Kwana goma sha takwas ina jiƙa tsamiya, ina tace zoɓo, ina sha tare da kai don kada ka ji kai ɗai anka hana. Jiya malamin asibiti ya dube ni kamar ni ka kashe ka!"

"Ki yi haƙuri."

"Wa ka kawo maka?"

Ya kau da kai.

"Kai ba ka iya taka ƙasa. Kwalba ba ta da ƙahwa. Wa ka kawowa? Magaji direba na?"

"Ba ruwan Magaji."

"To wa?"

"Ba ni hwaɗi."

"Wallahi sai in ɗauki mayahi in tahi kantin Maiturare, in tsaya tsakiyat tasha in tambaye shi gaban kowa."

Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta goce daga matashi, amma ko motsi fuskarsa ba ta yi ba. Ita ba ta lura da wannan ba a lokacin. Sai daga baya ta tuna.

"In kinka hita gidan ga," ya ce, "ban yahe maki ba."

Shekararsu tara da aure bai taɓa gaya mata irin wannan ba. Ta tsaya tana kallonsa. Ba fushi ta gani a idonsa ba, tsoro ta gani, tsoro irin na wanda yake kare wani.

"Ka kuma tara su cikin takalmi. Mi ya hana ka zubar?"

Ya miƙo hannu. "Ba ni abina."

Ta zube masa su bisa zani. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana tsincewa, har wanda ya faɗa bayan matashi sai da ya laluba ya ɗauko. Tsigar jikinta ta tashi. Ta fita ba ta ko wanke masa mikin ba.

*

A madafi ta zauna, tukunya na tafasa ba ta san me ta zuba ba. Tunani ɗaya ke mata yawo. Tun da suka dawo daga Gummi ya kafa mata doka: daga an yi azahar ta shige cikin gida, kada ta leƙo zaure sai la'asar, wai barci yake so ya yi. Ita kuma da shegen tausayi har kaji take kora kada su tashe shi.

Aka kira azahar. Ta kai masa ruwan alwala kamar kullum, ta ajiye masa kofin zoɓo, ta ce, "Na shiga ciki." Ta taka da ƙarfi har bakin tsakar gida don ya ji, sannan ta cire takalmi ta dawo saɗaf-saɗaf. Babur ɗinsa na jingine a zaure an rufe shi da tamfol tun da ciwo ya kwantar da shi. Ta shige bayansa ta tsuguna. Daga nan ana ganin ƙofar ɗakin da rabin gadon.

Zufa ta jiƙe ta. Zuciyarta na bugawa har tana jin kamar za a jiyo daga waje. Ta yi ta addu'a Allah Ya sa Magaji ne, don Magaji dai ta san abin da za ta gaya masa.

Can sai ta ji ƙarar munduwa.

Inuwa ta fara shigowa, doguwa, da ƙwarya a ka. Sannan ƙafafu, sirara, sun yi futu-futu da ƙurar hanya. Sannan baƙin zanen saƙi da Maimunatu ta sani tun ranar da aka kawo ta gidan nan.

Ta toshe bakinta da hannu biyu.

Inno ce. Uwar Dikko.

To ku 'yan yanzu masu ɗora hoton ɗan fari a waya kuna rubuta "rabin raina", ku saurara. Dikko ɗan farin Inno ne, shi ya sa ma ake ce masa Dikko, sunansa na yanka Abdullahi. Kuma Inno irin Fulanin nan ne na da da suka riƙe kunyar ɗan fari da haƙori. Ba ta faɗin sunansa. Ba ta kallon fuskarsa. Ba ta zama inda yake. In aka fara zancensa a ruga sai ta tuna akwai maraƙin da ba ta ɗaure ba. Tun da Maimunatu ta zo gidan nan, Inno ba ta taɓa tsallake bakin zauren ba, sai dai ta aiko da man shanu ta ce a ba "masu gida".

Yau ga ta a ƙofar ɗakinsa, kuma ba tafiyar baƙo take yi ba.

Ta sauke ƙwaryar. Ta zauna a bakin ƙofa, ta ba gadon baya, ta fuskanci bango.

"Rana ta yi zahi yau," ta ce wa bangon.

"Ƙwarai," in ji Dikko, yana kallon rufi.

"Saniyag ga mai tozo ta haihu."

"Madalla."

Hirar ke nan. Ta ɗaga faifai, ta zaro wani abu da aka naɗe da jiƙaƙƙen tsumma daga gefen ƙaramar ƙwaryar nono. Ba ta waiwaya ba. Ta tura shi baya da hannu, a hankali, ya mirgina har ya taɓa ƙafar gado.

Dikko ya ɗauka. Ya warware tsumman. Kwalbar na raɓa, sanyin firjin Maiturare mai kananzir bai gama fita ba. Ya daɗe yana kallonta. Ya dubi kofin zoɓon da ke gefe. Ya dubi bayan uwarsa.

Ya kafa murfin a ƙarfen gado.

Tsss.

"AJE TA!"

Tamfol ya zame, babur ya kusa faɗuwa. Maimunatu ba ta san sanda ta iso tsakiyar ɗakin ba, ba ɗankwali, ba takalmi. Ta daka wa mijinta tsawa a gaban uwarsa, abin da ko a mafarki ba ta taɓa yi ba.

Inno ta miƙe zumbur. Ta rufe ƙwarya, ta kai hannu za ta ɗora a ka. Maimunatu ta riga ta ƙofa, ta zube bisa gwiwa ta tare hanya.

"Inno, ki gahwarce ni. Yau ba ki hita sai kin ji."

"Ɗiyag Gummi, kauce."

"Ba ni kaucewa."

"Maimuna!" Dikko ya yi ƙara. "Ki bar ta ta tahi! Don Allah ki bar ta!"

"Inno, ke ka kawo mashi abin ga kullum?"

Inno ta kafa ido a kan dokin ƙofa, sama da kan surukarta. "Ban san wa kike magana ba."

"Ɗanki nike magana. Ga shi nan kwance."

Tsohuwar ta yi baya kamar an watsa mata ruwan zafi. Ba a taɓa ce mata "ɗanki" a kan Dikko ba, ko mijinta bai taɓa ba har ya koma ga Allah.

"Ba ki da kunya," ta ce a hankali.

"Yau ba ni da ita."

"To tunda kin zubar, ni ma in hwaɗa maki. Mutum na da jiki nai, yana sheƙi, kowa na gani bisa babur. Kinka kwashe abin da shike sha kinka maida kanti. Kinka tsare shi da ruwan tsami kamar mai jego. Duk ruga ana hwaɗi, ɗiyag Gummi ta ramar da mutumen mutane. In zauna ina saurare?"

"Likita yah hana, Inno."

"Likita? Sanda munka kai baban su asibiti Anka, duk mai zuwa dubiya da kwalbag ga a hannu. Manyan mutane masu mota. Da guba ta, a kai ma mara lahiya?"

"Ciwon ba ɗaya na ba. Nashi ciwon suga na. Zaƙi ka ci nai. Wagga kwalba guda ta hi mashi ƙaya goma."

Inno ta sauke ido daga dokin ƙofa.

"Ba wanda yag gaya maki?"

Tana rufe baki amsar ta zo mata da kanta, jikinta ya yi sanyi. Wa zai gaya mata? Ranar da suka dawo daga Gummi dangi suka taru a ruga don jin abin da likita ya ce, ana ambaton Dikko Inno ta tashi ta tafi duba maruƙa. Ita kanta Maimunatu sau biyu tana tarar da ita a kasuwa, ta fara "Inno, jikin nasu..." tsohuwar ta ce nononta zai yi tsami, ta wuce. Kowa ya yaba, aka ce kai, Inno akwai fulako, kunyar Fulani ta asali. Garin nan kaf, har masu tallan goro, an san lemo ne ke cin Dikko. Mutum ɗaya ce ba ta sani ba, kuma ita ce ta haife shi.

Maiturare kuwa, wanda aka mayar wa akwati har kantinsa, ya san komai, amma kullum ya buɗe firji ya miƙa wa tsohuwa kwalba bai ce uffan ba. Wannan ni ban yafe masa ba, ko Goggo ta yafe.

Maimunatu ta juya ga mijinta, hawaye na zuba.

"Ita ba ta sani ba. Kai hwa? Kai da kay yi boko? Kai da anka ja ma layi bisa ƙahwa gaban idonka?"

Dikko ya rungume kwalbar a ƙirji, kumfa na gangarowa bisa yatsunsa.

"In ce mata mi?"

"Ka ce ba ka sha!"

"Maimuna, shekarata talatin da huɗu." Muryarsa ta karye. "Ba ta taɓa miƙo mani ko ludayin ruwa ba. Ba ta taɓa zama ɗakin da nike ba. Washegarin ranad da munka dawo ina kwance sai nig ga inuwa tata bakin ƙohwa. Tun daga ruga, da ƙasa. Tat turo mani abu da hannunta. In ce ta maida?"

"Sai ka zaɓi a yanke ka?"

"Na san in nic ce a'a ba ta sake zuwa."

Kiyashi har sun fara taruwa inda kumfar ta ɗiga.

Inno ta koma ta zauna inda take, fuska ga bango. Da ta buɗe baki ba da su take ba, da bangon take.

"An yi wata macce," ta ce. "Tah haihu tana yarinya. Ranad da anka yaye yaron anka aza shi bisa jaki anka kai ma kaka tai. Tana tsaye tana tatsa, ba ta ɗaga kai ba, kada a ce. Yag girma can. Anka sa shi boko. Macceg ga ba ta san ko tuwo shike so ko hura ba. Ba ta san mi ka ba shi dariya ba. Sai taj ji an ce yana kwance. Tat tahi gun mai kanti tac ce, mai babur ɗin ga na dabbobi, mi shike so duk duniya? Mai kanti yan nuna mata kwalba."

Ta ja numfashi.

"Shi ɗai ta sani game da shi. Shi ɗai."

Wallahi ina rubuta wurin nan sai da na ajiye waya na fita tsakar gida.

Maimunatu ta rarrafa ta matso kusa da ita. "Inno, da mi kike saye?"

"Nono nike saidawa. Shanu ba su da ruwa bana. Ɗan abin da nis samu."

"Buɗe ƙwaryag ga."

Tsohuwar ba ta motsa ba. Maimunatu ta ɗaga faifan da kanta. Sauran kindirmo ne a ƙasan ƙaramar ƙwarya, fari tas, bai fi ludayi uku ba.

"Wanga shi likita yac ce a ba shi. Nono, ba suga. Ni ina aike kasuwa ina nema ban samun mai kyau. Ke kuma kina ɗauke da shi bisa kai tun daga hanyaz Zugu, ki wuce ƙohwag gidan ga da shi, ki saida, ki sawo mashi abin da ka ruɓar da shi."

"Ƙarya kike," in ji Inno. Amma muryar ba ta da ƙarfi.

"Ƙarya nike?"

Maimunatu ta miƙe ta nufi gadon. Dikko ya gane abin da za ta yi.

"A'a. Maimuna, a'a. Kada ki buɗe gabanta!"

Ta kama bakin bandejin.

"Na roƙe ki da Allah!"

Ta fara warwarewa. Zagaye na farko fari ne. Na biyu ya yi rawaya. Na uku ya manne, sai da ta ja. Warin ya taso ya cika ɗakin, har ita da ta saba sai da ta kau da kai. Jiya da ta wanke, tsakanin baƙin da layin biro akwai faɗin yatsa guda. A ranta tana ta faɗin Allah Ka sa yana nan, Allah Ka sa yana nan.

Ta cire na ƙarshe.

Ba sauran faɗin yatsa. Baƙin yana zaune daidai kan layin.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta dafa ƙarfen gado. "Inno, ki diba. Don girman Allah ki waiwayo ki diba."

Bayan tsohuwar ya ƙage.

"Jibi za su yanke ta, Inno. In ba ki diba yau ba, ba ki sake ganin ɗanki da ƙahwa biyu."

Inno ta waiwayo.

A hankali ta yi shi, kamar wuyan ba nata ba. Ba ta kalli fuskarsa ba, ƙafar ta kalla. Mace ce da ta tashi cikin shanu, ta ga kofaton da ya ruɓe ba sau ɗaya ba, ta kuma san wanda ake wankewa ya tashi da wanda ake kiran mahauci. Maimunatu na kallon fuskarta tana neman abin da za ta riƙe, ba ta samu ba.

Tsohuwar ta tashi. Taku uku ne tsakaninta da gadon, ta yi su. Ta miƙa hannu ta zare kwalbar daga ƙirjinsa, shi kuma ya sake mata. Ta je bakin ƙofa ta tuntsurar da ita a ƙasa har ta daina ɗiga, ta jefar da kwalbar waje. Ta dawo da ƙaramar ƙwaryar ta ajiye masa a cinya.

"A sha," ta ce.

Dikko ya ɗaga ƙwaryar da hannu biyu. Yana sha yana kuka, nono na bin gemunsa. Da ya gama ya ja gefen zani ya rufe fuska, ya juya ga bango, don ko yanzu ba zai iya haɗa ido da ita ba.

"Na bari," ya ce daga cikin zanen. "Wallahi na bari. Ko wa yak kawo."

Inno ta durƙusa a ƙarshen gadon. Ta dubi Maimunatu, karo na farko ido cikin ido.

"In da rai cikinta, tana tashi," ta ce. "Haka muke gane ta shanu. Bari in ji."

Ta goge tafinta a zani. Hannun da rabonsa da jikin yaron nan tun ranar da aka ɗora shi a jaki. Ta sa shi bisa ƙafar, sama da layin biro, inda fatar take da sauran kyau. Ta riƙe. Ta matsa. Ta kafa farcen babban yatsanta ta danna har wurin ya lotsa.

Leɓenta ya motsa sau biyu ba sauti. A na uku ya fito.

"Abdullahi."

Zanen da ke fuskarsa ya girgiza.

"Na'am, Inno."

Ta ƙara danna farcen. Maimunatu na gani, har jini ya ɗan tsattsafo a gefensa. Su biyun suka zuba wa zanen ido suna jira ya ce wash.

Shiru.

Can ya yi magana, a hankali, da muryar yaro mai jin kunyar tambaya.

"Maimuna... ta taɓa ni?"